Kowace Malama Ta Kwashi 'Ya'yanta

Ni malamar aji biyar ce a wata firamare da ke can bayan Basawa, inda gidaje suke ƙarewa gonaki su karɓa. A Palladan muke haya. Maigidana yana da shagon gyaran injin ban ruwa a Sabon Gari, tun da sassafe yake fita, sai magariba ake ganinsa. Manyan yaranmu suna wurin kakarsu, autarmu ce kawai a gabanmu. Ba ni da wanda zan bar wa ita, don haka da ta isa shiga makaranta sai na sa ta aji ɗaya a inda nake koyarwa. Kullum ɗan acaɓa guda yake ɗaukarmu, ita a tsakiya, ni a baya. A lokacin har yaba wa kaina nake yi, wai na yi dabara.

Auta yarinya ce mai riƙe magana. Abin da babba ya faɗa, shi ke nan, ba ragi ba ƙari. Wata Lahadi bayan an tashi sujada a coci na ce mata, "Tsaya nan, kar ki motsa," na shiga hira da matan zumunta, hirar da kowa ya san ba ta da ƙarshe. Da na fito na tarar da ita a inda na bar ta, rana ta cinye inuwar da take ciki, gumi na zuba, ga wata inuwar nan kusa da ƙafarta amma ba ta matsa ba. Na yi mata faɗa, na kuma yi dariya, na ba ubanta labari shi ma ya yi dariya. Ya ce wannan ko soja sai haka.

Shekarun nan ne da ake ta kwashe ɗalibai a makarantu. Yau ka ji a rediyo an shiga can, gobe ka ji an shiga wani wurin da ya fi kusa. A ofishin malamai mun daina hirar albashi da ƙarin girma, sai dai wa ya ji me. Makarantar tamu kuwa ko katanga ba ta da ita. Gabanta hanyar shanu ce da ta fito daga daji, bayanta gonar dawa. Ƙofofin azuzuwa tuni gara ta gama da rabinsu, tagogi kuma ramuka ne kawai. Akuya ma ba ta neman izini kafin ta shigo.

Hedimastanmu dattijo ne da ya kusa ritaya, mutumin ƙauyen ne, shi ya koyar da iyayen yawancin yaran. Baba muke ce masa, Musulminmu da Kiristanmu. Shi ya ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa, ya ɗauki kekensa ya yi ta zarya ofishin 'yan sanda har suka gaji da ganin fuskarsa suka ba shi mutum guda.

Ɗan sandan ya zo a kan babur wata safiya cikin damina. Dogo ne, iyayensa mutanen kudu, amma a Sabon Gari ya tashi, Hausarsa ta kasuwa ce, ba ruwanta da mace ko namiji. Da aka gabatar da ni ya ce, "Madam, kai ne mai aji biyar?" Malamar aji ɗaya, ƙawata ce 'yar kudancin Kaduna da ba ta iya riƙe dariya, ta zungure ni ta ce, "Barka, yau kin zama namiji." Na ce ai a wannan zamanin gara haka.

Ya zagaya makarantar yana taɓa bango. Ya ce abin da aka koya musu shi ne yara su shige aji a kulle ƙofa. Sai ya dubi ƙofar ajina da ke jingine a jikin bango. Ya leƙa ta taga, ya ga dawa ta yi tsayi ta wuce kan mutum, ya ce to, wannan ce katangarku. Aka tsayar da magana: in aka ga abin da ba a gane ba, za a buga ƙararrawa ba ƙaƙƙautawa, kowa ya yi cikin dawa ya kwanta. Ƙararrawar tamu tsohon ƙarfen ƙafar mota ce da aka rataya a jikin mangwaro. Ya ba mu lambar waya, Baba ya sa aka rubuta ta da fenti a bangon ofis. Sai dai a duk makarantar waya ba ta kamawa sai a gindin wani suri da ke fili, kusa da hanyar shanun. Da aka gaya masa ya yi wata 'yar dariya da ba ta da daɗi. Bai yaudare mu ba, wannan na shaide shi. Ya ce motarsu ɗaya ce, ƙauyuka kuwa da yawa, kafin su iso mu ne 'yan sandan kanmu.

Aka tara yara a fili. Ya fara yi musu bayani, suka yi ta ƙyalƙyala dariyar Hausarsa, sai Baba ya ɗaga hannu ya karɓi maganar. Ya ce, "Ku saurara da kyau. In kuka ji ƙararrawa ba ta tsaya ba, kowace malama za ta kwashi 'ya'yanta ta yi cikin dawa da su. Kowa ya bi tasa. Kar wanda ya bi wadda ba tasa ba. Me na ce?" Yara suka amsa baki ɗaya, "Kowace malama ta kwashi 'ya'yanta!" Ya sa suka yi ta maimaitawa kamar karatun ƙidaya. Na hango Auta a layin gaba tana faɗa da ƙarfinta, har jijiyar wuyanta ta fito.

Kafin ya tafi, ɗan sandan ya ja ni gefe, don an gaya masa ina da yarinya a makarantar. Ya ce, "Madam, ranar da abin ya faru kar ka nemi naka. In ka je neman ɗaya, ka zubar da aji guda." Raina ya ɓaci nan take. Na ce, "Kai kana da 'ya'ya kuwa?" Ya ce yana da su, shi ya sa yake gaya mini tun yanzu. Na juya na bar shi tsaye, amma maganar ta bi ni har gida.

An so a gwada gudun a ranar, sai hadari ya taso, ruwa ya sauko, aka ɗaga zuwa mako mai zuwa. Makon ya zo Auta na kwance da zazzaɓi a ɗakin maƙwabciyata. Aka yi gwajin ba ta nan. Ya kuwa yi kyau, yara suka ɗauke shi wasa, suka fito daga dawa suna dariya suna sosa jiki. Ni kuma ban zaunar da ita na sake yi mata bayani ba, don ina ganin ta ji da kunnenta, ta kuma faɗa da bakinta.

Ranar da abin ya zo, da hantsi ne, ina tsaye gaban allo ina fama da su a kan lissafin rabawa. Na fara jin ƙugi daga wajen daji, kamar na injin niƙa daga nesa. Babura ne, ba ɗaya ba, ba biyu ba. Kafin in ajiye alli ƙararrawa ta ɗauka. Ban san lokacin da na fara tura yara ta taga ba, ina ɗaga masu gajeren ƙafa ina jefawa waje, ina cewa ku tafi, ku tafi. Da na dira bayansu na waiga can ƙarshen ginin, na hango jan ɗankwalin ƙawata tana gudu, ƙananan yara na biye da ita kamar 'yan agwagwa. Na ce a raina, Auta na ciki. Na yi abin da aka ce in yi, na bi ajina.

Muka kwanta a cikin dawa, fuska a ƙasa. Ƙasar da laima, ƙaiƙayi na cin wuya. Wata yarinya ta yi fitsari a jikinta, na ji ɗuminsa a gwiwata. Yaron da ke kusa da ni yana ta salati da ƙarfi, na rufe masa baki da tafin hannuna, ni kuma ina kiran sunan Yesu a cikin maƙogwaro. Na zaro waya, babu ko layi ɗaya. Lambar da aka ba mu tana can a bango, surin yana can a fili, mu kuma muna nan. Baburan suka iso. Na ji sun rage gudu, na ji sun shigo filin makaranta, na ji muryoyin maza. Ban ji harbi ba. Suka ɗan jima, sannan ƙugin ya sake tashi ya yi gabas har ya ɓace.

Ban jira an ce a fito ba. Na ja ciki ta tsakanin kara har inda 'yan aji ɗaya suke, ina duba kawuna. Na kama ƙafar ƙawata na ce, "Ina Auta?"

Ta zaro ido. "Ba tana wurinki ba?"

"Wurina kamar yaya? 'Yar ajinki ce!"

"Na kama hannunta ta fizge. Ta ce Baba ya ce kar wanda ya bi wadda ba tasa ba, ita mamanta za ta kwashe ta. Na ga ta nufi ajinki, sauran kuma suna watsewa, na ɗauka kin ɗauke ta."

Ban san yadda na fita daga gonar ba. Na dai san takalmina ɗaya a can ya kwana. Na zagayo ginin, ga filin makaranta fayau, sawun tayoyi ya yi zane a cikin laka har gindin mangwaro. Tana tsaye a bakin ƙofar aji biyar, jakarta a baya, gorar ruwanta a hannu. Ba kuka take ba. Da ta gan ni ta ce, "Mama, kin daɗe."

Na durƙusa ina shafa ta ko'ina, kai, hannu, ƙafa, kamar mai duba kaza a kasuwa. Ta ce wasu mutane masu bindiga sun zo, ɗaya ya tambaye ta ina mutanen makarantar, ta ce ita ba ta sani ba, mamanta take jira. Wai ya dube ta, ya dubi 'yan'uwansa, suka tafi. Daga baya aka ce 'yan sa-kai ne na wani ƙauye suke bin sawun shanun da aka sace. Wasu kuma suka ce ba su ba ne. Har yau ban san su wane ne suka tsaya a gaban 'yata ba, kuma ba wanda zai iya gaya mini.

Baba ne ya rarrafa zuwa surin ya kira lambar. 'Yan sanda sun iso bayan azahar, ihu bayan hari, don motar tana wani ƙauyen da nasu tashin hankalin. Dogon ɗan sandan nan ya ji abin da ya faru, ya dubi Auta, ya cire hularsa ya zauna a bakin baranda. Na so in sami wanda zan zaga. Na dubi ɗan sandan, na ga mutum ne da aka ba ƙauyuka da mota ɗaya. Na dubi ƙawata, tana ta kuka har da shessheƙa. Sai na juya kan Baba na ce, "Baba, ɗalibai za ka ce! Ɗalibanta! Ina ruwan 'ya'ya a cikin wannan magana?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Malama, tunda na fara aikin nan ban taɓa kiransu da wani suna ba." Gaskiya ya faɗa. Ni kaina 'ya'yana nake ce wa 'yan ajina, duk malaman haka muke cewa. Fushin ya tsaya mini a ƙirji, babu inda zan sauke shi.

Da ubanta ya ji, ya ce ta gama zuwa wannan makarantar. Ban yi musu ba. Ya riƙa tafiya da ita shago, tana zaune a kan benci tsakanin baƙin mai da ƙarafa, tana dawowa da tari. Ni kuma na ci gaba da zuwa ni kaɗai. Ranar farko matan da ke ɗiban ruwa a famfon bakin hanya suka gaishe ni suka ce, "Malama, ina 'yar taki?" Na ce ba ta jin daɗi. Suka ce Allah ya sawwaƙe, suna kallon juna. Kafin mako ya ƙare bencunan ajina sun fara zama wayam. A aji ɗaya kuwa yaran da suka rage ba su cika tabarma ba.

Baba ya hau mota ya sami maigidana a shago, ni ma ina wurin. Bai roƙe mu ba. Ya ce shi dai ya zo ya faɗi abin da yake gani ne. Mutanen ƙauye ba su yarda da lambar da ke bango ba, ba su yarda da dawa ba, abin da suke kallo shi ne babur ɗin Malama da safe. In da yarinya a tsakiya, sai su ce da sauƙi, su turo nasu. In babu, sai su ce Malama ta san wani abu. Maigidana ya ajiye sifanar da ke hannunsa ya ce, "Wato 'yata ce ma'aunin ƙauyenku?" Baba ya ce, "Ban so haka ba, amma haka ne." Ya sha ruwan da aka ba shi, ya yi sallama.

Na nemi canjin wurin aiki, aka ce in jira. Barin aikin kuma ba abin da gidanmu zai iya ɗauka ba ne. Shago ba wurin yarinya ba ne, gida ba kowa. Na kuma san yaran nan da suka daina zuwa, na san waɗanda suka fara haɗa baƙi, na san in suka zauna wannan zangon ba za su dawo ba. Gaba kura, baya sayaki. Ba zan ce mun zauna mun yanke shawara ba. Wata safiya dai na ga ina ɗaura mata igiyar takalmin makaranta, ubanta yana tsaye a bakin ƙofa yana kallo, bai hana ba.

Amma kafin mu fita na zaunar da ita a bakin gado. Na ce, "Auta, saurara. Abin da Baba yake nufi, kowace malama ta kwashi 'yan ajinta. Ke 'yar aji ɗaya ce. In muka shiga makaranta, ni ba mamanki ba ce, malamar aji biyar ce. Malama za ki riƙa ce mini. In ƙararrawa ta buga, malamarki za ki bi. Ko kin gan ni, kar ki zo wurina."

Ta juya maganar a ranta. Sai ta ce, "To in na faɗi fa?"

"Ki tashi ki ci gaba da gudu."

"In mutanen suka kama ni, za ki zo?"

Kowace uwa ta san amsar wannan tambaya, kuma amsar tana bakina. Amma na san 'yar da na haifa. In na ce zan zo, za ta tsaya ta jira ni, ko a gaban wa, ko har yaushe. Na riƙe hannayenta biyu, na dubi idonta, na ce, "Ba zan zo ba. Kar ki jira ni." Ta dube ni kamar tana neman inda wasan yake. Da ba ta samu ba ta ce, "To." Na shiga banɗaki na buɗe famfo don kar ta ji ni.

Yara suka dawo kaɗan-kaɗan. Aka yi girbi, aka sare dawa, aka kwashe kara. Katangar tamu ta tafi rumbu, daga tagar ajina kana hango har bishiyoyin bakin rafi. Dogon ɗan sandan ya sake zuwa don a maimaita gwaji. Ya tsaya ya daɗe yana kallon gonar. Baba ya tambaye shi yanzu ina za su ɓuya, ya ce su dai gudu, su kwanta a tsakanin kunyoyi, da babu gara ba daɗi. Duk mun san ko makaho zai ga farar riga a wannan fili, amma ba wanda ya faɗa.

Aka buga ƙararrawa. Wannan karon an canza hanya, 'yan aji ɗaya ta gaban ajina za su wuce. Ina tsaye a bakin ƙofa ina fitar da nawa, sai ga su sun taho, ƙawata a gaba. Auta tana tsakiya, jaka na dukan bayanta. Ta zo daf da ni, har gefen rigarta ya shafi zanena. Da na miƙa hannu da na taɓa kanta. Idonta na kan bayan malamarta, ba ta ko karkato ba. Can gaba ta yi tuntuɓe ta faɗi a kan gwiwa, ƙafata ta ɗaga da kanta, na mayar da ita. Ta tashi ta ci gaba da gudu, ba ta waiwayo ba.

Da aka gama, ɗan sandan ya ce wannan karon an yi da kyau, a tafa wa 'yan aji ɗaya. Aka tafa, ni ma na tafa. Ana komawa aji ta ratso ta wurina, gwiwarta ta goge tana ɗan jini, ƙasa a goshinta. Ta tsaya nesa kaɗan, ta haɗa hannu a baya yadda ɗalibai suke yi.

"Malama, na yi daidai?"

Na ce, "Kin yi daidai."

Ta gyaɗa kai, ta juya ta bi layin ajinsu.